Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magoya Bayan Katsina United, Daga Wani Ɗan Sai Masu Gida

Zuwa ga shugabanni da ɗaukacin magoya bayan Katsina United, na cikin birni da na Funtuwa da Daura da Malumfashi da Dutsin-Ma, har da waɗanda ke zaune tare da mu a nan Kano, muna cin tuwo kwano ɗaya suna yi wa ƙungiyarmu Kano Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida, fatan shan kashi.

Assalamu alaikum. Katsinawan Dikko, kunya gare ku ba dai tsoro ba, ina gaishe ku da kyau. Yaya gida, yaya iyali, yaya kuma haƙuri da ƙungiya? Allah Ya ƙaro haƙurin, don ana bukatarsa.

Ba zan yi muku rufa-rufa ba, tsokanarku na zo yi. Na daɗe ina jin bakinku a tasha da kasuwa da teburin mai shayi, kuna cewa wai zamanin Pillars ya wuce, wai yanzu kowa ma mai gida ne. Na yi shiru har shirun ya ishe ni. Yau kam sai kun saurare ni. Idan na gama tsokanar kuma ina da roƙo a wurinku, kuma roƙon ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Mu fara da abin da ake jerawa a kan kanta. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin babbar gasar Najeriya sau huɗu. Na farko a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, sai 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, sannan 2014 a hannun Okey Emordi. Uku a jere fa, 'yan'uwa. Yaron da aka yaye a shekarar farko sai da ya shiga makarantar allo bai ga kofin ya bar Kano ba. A 2019 muka je Kaduna, filin Ahmadu Bello, muka doke Niger Tornadoes a bugun fenariti muka dawo da kofin Aiteo, wato Kofin Ƙalubale na ƙasa. Biyar ke nan. Tun kafin a san za a yi Pillars ma, Raccah Rovers ta Kano ta cinye gasar ƙasa a 1978, lokacin da ko jihar Katsina ba a ƙirƙira ba, don sai a 1987 aka yanke ku daga Kaduna. To ina naku? Da gaske nake tambaya. Idan akwai kofin babbar gasa ko na Ƙalubale da na manta, a aiko mini da hotonsa, ni da kaina zan buga shi in manna a shagona.

Akwai wani tarihi naku da yaranku na yanzu ba su cika sani ba, kuma ni ina ganin ya kamata su san shi, domin rabinsa abin alfahari ne. Sau uku a jere Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale: 1995 da 1996 da 1997. Wallahi wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A lokacin manyan ƙungiyoyin kamfanoni na da kuɗi da 'yan wasa, amma kuka ratsa ta cikinsu shekara uku kuna isa bakin kofi. Wannan shi ne rabin farko. Rabi na biyu kuwa, Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke na farko, Julius Berger ta Legas ta ɗauke na biyu, BCC Lions ta Gboko ta ɗauke na uku, kuma a wasannin ukun nan ko sau ɗaya ba ku taɓa ragar kowa ba. Kamar saurayin da ya kai lefe gida uku, ko'ina sai ranar ɗaurin aure a ba wani, shi kuma ya tsaya yana taya rabon goro. Ina zaton kunyar nan taku ce ta biyo ku har cikin fili, kuka ga bai dace ku ɗauki abu a gaban manya ba.

Kada ku ce ai ƙungiyoyin Arewa duka haka suke. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki wannan kofin a 1991 da 1992, ta sake ɗauka a 2024. Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauka a 1998. Plateau United ta ɗauka a 1999, ta kuma haɗa da kofin gasa a 2017. Niger Tornadoes ta Minna ta ɗauka a 2000. Wato da kuka sauka daga layin, maƙwabta ne suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna karɓa. Daga nan kuka ɓace mana shekara da shekaru a rukunin 'yan dagaji, har da sauya suna zuwa Spotlights, sai a kakar 2017 muka sake ganin ƙeyarku a babbar gasa. Mun yi murna da dawowarku, wannan gaskiya ce, domin tafiyar Katsina ta fi mana sauƙi a kan tafiyar Aba ko Fatakwal.

Ni fa ban raina Katsina ba, kuma duk Bakanon da ya raina ta bai san tarihi ba. Ku ne da hasumiyar Gobarau. Ku ne da Kwalejin Katsina da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Jiharku ce ta ba ƙasar nan zaɓaɓɓun shugabanni biyu, Umaru Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙan su. Idan kuma aka zo ƙwallon doki, tun daga Sarki Dikko zuwa Sarki Usman Nagogo, kowa ya san folo a gidanku ta yi wayo. Allah Ya ba ku ilimi, Ya ba ku mulki, Ya ba ku doki. Ƙwallon ƙafa kuwa Ya ajiye ta a Ƙofar Mata, inda filin wasanmu yake a Kano. Rabo ne, kuma mai hankali ba ya faɗa da rabo.

Ku tuna 2009. Al Ahly ta Masar ce ke riƙe da kofin zakarun Afirka, ƙungiyar da ko sunanta aka ambata sai gwiwar wasu ta yi sanyi. Aka haɗa mu da su. Aka yi kunnen doki a Kano, kowa ya ce shi ke nan, a Alƙahira za a yi mana wankin babban bargo. Muka je har gidansu muka zura musu biyu, aka tashi biyu da biyu, muka fitar da su saboda mun fi su cin ƙwallo a waje. A shekarar sai da muka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da mu. A kakar da ta biyo baya wani siririn yaro mai gudun tsiya, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a gasar gida sanye da rigarmu mai ruwan ɗorawa. Na san za ku ce ɗan Jos ne. Haka ne, a Jos aka haife shi, amma a Kano duniya ta san shi, kuma bayan ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018 a gasar cin kofin duniya, da ya tashi dawowa gida a 2021 Kano ya dawo. Ga Rabi'u Ali Pele, ya haura shekara arba'in yana ajiye ƙwallo yana buga tazara, masu tsaron raga na kallon ta tana wucewa. Waɗansu daga cikin yaran da ke tare shi a fili yau, ba su fara tafiya ba lokacin da ya fara taka leda.

Sannan ga maganar gida. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015, wasa sama da 200 na babbar gasar Najeriya, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci mu a wannan gasa. Shekara goma sha biyu. Da abin zai karye ma, ba ku kuka karya shi ba. Nasarawa United ce, kuma mai horar da ita a ranar Baba Ganaru ne, wato namu ne da ya san inda muke ajiye makulli.

Yanzu bari in faɗi abin da ke bakinku, don na san tun sakin layi na uku kuke ƙaiƙayin faɗarsa. Asaba. Wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018, muna cin Enugu Rangers uku da nema, suka farke duka ukun, suka cinye mu a fenariti. Ya faru, kuma har gobe idan na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwarona. Sai dai ku tuna wa muka taka kafin mu isa Asaba. Ku ne, a wasan kusa da na ƙarshe. A gida kuka kalli wasan a talabijin, kuna murnar abin da wani ya yi muku.

A nan dole in ba ku labarin maƙwabcina a kasuwar Kantin Kwari, wani dattijo Bakatsine mai sayar da shadda, wanda Alhaji kawai nake ce masa don ya girme ni nesa ba kusa ba. Washegarin wasan Asaba ya riga kowa buɗe shago. Ina zuwa bai ce mini komai ba sai gaisuwa, har da tambayar yara. Can sai ya tako a hankali ya jera goro uku farare a kan teburina, ya ce, "Ga naka, ɗan'uwa, uku da nema." Na miƙa hannu ke nan sai ya ɗauke ɗaya ya jefa aljihu. Ya ɗan jima yana gyara hula, ya ɗauke na biyu. Ya leƙa waje kamar mai neman wani, ya dawo ya ɗauke na uku, ya ce, "Haka Allah Ya so." Duk layinmu aka fashe da dariya, har masu dako suka ajiye kaya. Na riƙe abin a raina wata tara. Da muka dawo daga Kaduna da kofi a 2019, na sayi ɗan kofin silba na shan ruwa, na ɗaura masa ƙyalle kore da ruwan ɗorawa, na aika yaro ya kai masa, na ce a gaya wa Alhaji su ma su ɗan riƙa wannan kafin nasu ya iso. Har yau da kofin yake shan ruwa a shago, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ya ba shi labarin tun daga goro. Mutumin nan shi ya fara zuwa asibiti ranar da aka kwantar da mahaifiyata, shi ya tsaya a kan komai har aka sallame ta. Irin hamayyar da na sani ke nan tsakanin Kano da Katsina, kuma ita nake so 'ya'yana su gada.

Abu na biyu da za ku ce shi ne fili. A nan kam kun yi gaskiya. Filin Muhammadu Dikko, wanda da yawanmu har yanzu Karkanda muke ce masa, ya fi namu na Sani Abacha girma da sabunta, kuma ba sau ɗaya ba Pillars ta zo ta yi aron sa ta buga wasanninta na gida. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Namu tsoho ne, amma ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da gasar cin kofin Afirka a 2000, kuma ranar wasa tun azahar ake cika shi, masu kalangu a gefe, masu rake da gyaɗa da ruwan leda suna kutsawa, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Naku kuwa sau da yawa idan aka hasko shi kujeru ne ke kallon wasa. Ina matasan Katsina suke? Suna gidan kallo suna rantsuwa a kan Arsenal da Chelsea da Madrid, ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba. Wannan ciwon mu ma yana cin mu a Kano, amma naku ya fi tsanani, kuma yana ba ni haushi, domin ɗan wasan da ya fito daga Ƙofar Soro ko Kankiya ya cancanci ya ji ana kiran sunansa daga kan benci.

Na uku shi ne faɗuwa, kuma a nan dariyata take tsayawa.

A watan Afrilun 2022 kun zo mana Kano. Mun daɗe muna buga wasanninmu na gida a Kaduna, ranar ce muka dawo Ƙofar Mata, gari ya cika ya batse. Wasa bai ƙare ba aka tashi babu shiri, waɗansu da ke kiran kansu magoya bayanmu suka far wa motar 'yan wasanku suka farfasa ta. Hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta zaftare mana maki, ta kore mu zuwa Abuja. Da kaka ta ƙare, mu da ku duka muka gangara rukunin 'yan dagaji, tare da Heartland da MFM. Pillars da ba ta taɓa tunanin haka ba a zamaninmu. Ranar da na ga hoton motar nan da gilasai a zube a kan kujeru, kwana na yi ban runtsa ba, kuma kunyar haɗa ido da Alhaji ta sa na yi ta zagaye ta wani layi. Shi ne ma ya aiko a kira ni, ya ce ba ni na yi ba, in zo mu ci abinci.

Abin da ya sa ya fi yi mini ciwo shi ne, mu Kanawa mun fi kowa sanin mene ne a tare motar 'yan wasa. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suna kan hanyar zuwa Owerri wasan farkon kaka. An raunata 'yan wasanmu da dama, har da Gambo Muhammad. Duk Kano babu gidan da ba a yi addu'a ba a ranar. Yaran nan da ke cikin irin waɗannan motoci talakawa ne 'yan'uwanmu, suna kwana a hanya, albashinsu ba kullum yake zuwa a kan kari ba, iyayensu mata na gida riƙe da waya suna jiran a ce an sauka lafiya. Wanda ya ɗauki dutse ya jefi irin wannan motar bai san ƙwallo ba, kuma ba namu ba ne ko da ya sa rigar Pillars goma. Ku ma ba za ku ce hannunku a wanke yake ba, kun san abin da ya sami motar Enyimba a Katsina a 2017. Ban kawo wannan don in rage laifin namu ba. Na kawo shi ne don ku ga cutar ɗaya ce, kuma gida biyu ta kama.

Allah da ikonSa, a 2023 tare muka sake haurowa, mu da ku. Tare aka faɗi, tare aka tashi, kuma duk wanda ya ɗanɗani wasannin ƙaramin rukuni, filaye babu ciyawa, babu mai nuna ka a talabijin, ba zai so ya koma ba. A 2025 Barau FC ma ta hauro, Kano ta zama tana da biyu a babbar gasa, sai ku ƙara shiri.

Kakanninmu sun gwada ɗaya hanyar, sun ga ƙarshenta. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ake gwabza yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka yi ta yi sama da shekara ɗari, har Sarki Kutumbi ya rasa ransa sanadin yaƙin Katsina. Sai a tsakiyar ƙarni na 17, zamanin Sarki Shekarau, malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu. Tun daga nan abin da ke tsakaninmu ciniki ne da auratayya da karatu. Ku leƙa Kwari da Singa da Dawanau ku ƙirga Katsinawa. Ku leƙa gidajen Katsina ku ƙirga matan da aka ɗauko daga Kano. Abin da malamai suka kashe da masu da takubba a hannun mutane, bai kamata wasu yara su tono shi saboda alƙalin wasa ya hura usur ba.

Ga roƙona, kuma ga shugabannin ƙungiyar magoya bayanku nake miƙa shi, Allah Ya ƙara muku girma. Ku nemi namu shugabannin ku zauna, ko a Bichi ko a Kankiya, inda kowa zai ji bai yi nisa da gida ba. A yi yarjejeniya cewa duk ranar da za mu haɗu, masu masauki ne za su tari baƙi tun daga bakin gari, su raka motar 'yan wasa da ta magoya baya har cikin fili, su kuma raka su su fita bayan an tashi, ko wa ya ci. Idan kun zo, mu tare ku a Dawanau da ruwa da abinci, motar masu kalangunmu a gaba, taku a tsakiya. A ware wa baƙi wurin zamansu, dattawan masu gida su zauna a gefensu, domin babu yaron da zai yi jifa ta kan rawanin kawunsa. Kuma mu daina ɓoye masu jifa. Mun san su, kun san naku, unguwarsu da iyayensu duk an sani. A hana su shiga fili, a faɗa musu dalili a gaban mutane. Alƙalin wasa kuwa, ko ya yi mana kwange, akwai hukumar da ake kai ƙara, kuma duk lokacin da aka taɓa shi ƙungiya ce ke biyan miliyoyin da ya kamata su tafi albashin 'yan wasa, mu kuma a rufe mana fili mu koma sauraron rediyo.

Baki kuwa a sake shi. Ku yi mana waƙar Asaba har muryarku ta dushe, mu kuma mu ɗaga muku yatsu uku na 1995 da 1996 da 1997. Ku zo da goronku, mu zo da kofunanmu. Ku cika Karkanda ranar da za mu zo, don ba ma jin daɗin cin mutum a gaban kujeru. Kuma ku matsa wa masu riƙe da ƙungiyarku su riƙa biyan yara a kan lokaci, su daina sauya mai horarwa da an yi rashin nasara biyu, su riƙe 'yan wasan da suka fara haske maimakon a bari wasu su kwashe. Ina so ku yi ƙarfi, da zuciya ɗaya nake faɗa, domin ranar da Pillars da Katsina United za su haɗu a wasan ƙarshe na kofi, ranar babu mota ko ɗaya da za ta rage a tashar Kano ko ta Katsina. Za mu cinye ku, in sha Allahu, amma za ku ji daɗin tafiyar.

Idan shugabanninku sun amince da zaman, a sanar da namu tun kafin wasanmu na gaba ya matso, don a samu lokacin yi wa jami'an tsaro da direbobi bayani. Ni da Alhaji mun ɗauki nauyin shayi da goron zaman farko.

Wassalam. Naku a kullum,
Wani ɗan Sai Masu Gida, daga Fagge, Kano.